Sabis ɗin mota da na helikwafta, ina suka haɗu ina suka rabu?

Salamu alaikum jama'a. Masta, kai da ka ce kana aikin fita, wato gyaran mota, a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota nan Kumasi, kana tambaya wai sabis ɗin jirgi mai saukar ungulu daidai yake da na mota, tunda duk juyen mai ne da sa giris? To hannun dai ɗaya ne, wanda ya iya riƙe sifana ya san inji ba zai ji baƙunta ba. Amma tsarin ya sha bamban.

Mota kilomita ake duba mata, kamar dubu 5 a juye baƙin mai, kuma mu faɗi gaskiya direban trotro, ƙaramar bas ta haya, sai ya ji inji ya canza murya yake kawo ta. Shi jirgi awa ake ƙirga masa, awannin da ya yi a sama. Ɗauki Robinson R44, ƙaramin nan mai injin fistan na Lycoming, ana juye masa mai wajen kowace awa 50, a yi babban dubawa a awa 100, in ya kai awa 2,200 ko shekara 12 sai a warware shi kaf a sabunta. Ko lafiyarsa ƙalau, ko ajiye shi kawai aka yi, lokaci ya cika to ya cika. Akwai sassan da ake cirewa a ajiye suna sheƙi don awanninsu sun ƙare, waɗanda da a Magazin ne sai an ƙara shekara biyar ana morarsu.

Inda abin ya fi nauyi shi ne giyabos. Na mota in ya yi tsiya ka gangara gefen titi ka kira yaranka. Na helikwafta shi ke ɗauke da babbar farfelar sama, ga wani ƙarami a wutsiya, kowanne da nasa man. A ƙasansu akwai wani toshi mai maganaɗisu, kana ciro shi ka duba bakinsa, in ɗan baƙin gari ne laushi-laushi sai a goge a rubuta a sa ido, in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli to wani haƙori ko boris na cinyewa a ciki, jirgin nan ba ya tashi sai an gano. A Maris 2009 wani Sikorsky S-92 ya faɗa teku kusa da Newfoundland a Kanada, kusoshin da ke riƙe da gidan filtar giyabos ne suka karye mai ya zube, minti 11 kacal ya ƙara a sama, mutum 17 suka rasu cikin 18.

Giris kuma, mu a gareji gwangwani ɗaya ne har ƙarfen ƙofa. Can littafin kamfani ne zai ce wuri kaza giris kaza, ba a gauraya iri biyu. Sai ka goge bakin nonon da ake ɗura giris ta cikinsa tukuna, ka dinga matsawa har tsohon ya fito sabo ya biyo bayansa, sannan ka share rarar tas, don in hunturu ya sauko ƙura ta manne a kai ya zama kamar sanfefa yana cin boris. Masu injin tobayin ma mansu daban ne, irin su Mobil Jet Oil II, kar ma ka kawo zancen man mota. Jiragen da ke tashi daga Takoradi zuwa rijiyoyin mai na teku kuwa gishiri ne damuwarsu, shi ya sa ake yawan wanke musu cikin inji da ruwa mai tsabta.

Ɗaurin noti a mota da jin hannu ne. A jirgi sifanar awo ce, sannan a zura waya a murɗe ta don kar girgiza ta kwance shi, in wajen sarrafa tuƙi ka taɓa wani injiniya daban zai sake dubawa. A ƙirga kayan aiki kafin a rufe, sifana ɗaya ta ɓata ba mai tafiya gida.

Sai sa hannu. Komai ƙwarewarka Masta, ba ka da ikon sallamar jirgi a Ghana sai da lasisin GCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, kuma in da gaske kake son shiga harkar, ta wajensu za ka fara tambayar makarantun da suka amince da su.