Daga Agadas cikin ayarin motoci: Tenere ko duwatsun Abzin?

In ayarin Land Cruiser ya nufi garin Bilma ta hamadar Tenere, rairayi ne iya ganin ido. Sai a rage iskar taya, a kama hanya da sassafe kafin rana ta sassauta yashi. Motar da ta kafe kuwa, kowa zai sauko da shebur a tono ta. Rijiyoyi nesa da juna, inuwa babu, shi ya sa jarkokin ruwa da na mai suke gaba da kowane kaya.

Hanyar Timia cikin duwatsun Abzin, duwatsu masu kaifi ne ke yage taya, ga koramu da ke cika da damina. Amma akwai ƙauyuka, akwai lambunan lemo da rumman. Sabon shiga dai, dutsen nan nake zaɓa masa, da jagora ɗan yankin a motar gaba.