Kayan sassaƙar laino da na saya wa 'yata, da daren da muka ƙare a kemis

Tun farkon zangon karatu na biyu malamin zane na su 'yata ya rubuto musu abin da za su kawo, a ciki har da laino da wuƙaƙen sassaƙa shi. Ni da na ji laino sai na ɗauka ledar ɗaki ce, na ce ta yanko guntu daga ragowar wadda muka shimfiɗa a falo. Ta kai, ta dawo tana kumbura baki, wai malam ya ce wannan roba ce zalla. Shi lainon gaske da man linsid, wani man tsiro mai bushewa, ake yin sa, a kwaɓa da garin katako da garin abin toshe kwalba, a danne a kan algarara. In kun juya bayansa kuka ga saƙar buhu, to shi ne. Ni dai ban yi nisa da gaskiya ba, don Baturen Ingila da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1860, Frederick Walton, don shimfiɗa a ƙasa ya yi shi. Daga baya ne masu zane suka mayar da shi abin aikinsu, su sassaƙa zane a kansa, su shafa tawada, su buga a takarda.

Na duba shagunan littattafai a nan Zariya ban samu ba, sai na yi oda wurin masu turo kaya daga Legas ɗin nan, kun dai san kuɗin da suke sawa, ga na mota. Kwana 6 kwalin ya iso. Laino biyu masu girman rabin takardar A4, mariƙi ɗaya da bakin wuƙa 5, wasu tsagarsu kamar V wasu kamar U, sai rola da tawada baƙa. A ido ba laifi.

Daren Laraba abin ya faru, washegari za su kai aikin. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama, an ɗauke wuta, tana zaune a kan tabarma ƙaninta na haska mata da fitilar waya. Dagin Arewa ta zana a kan lainon da fensir, ta fara bin layin da ƙaramin bakin nan mai V. Ina jin ta tana nishi, tana cewa, "Umma, abin nan kamar dutse." Na ce ta dage, ai aikin hannu ya gaji haka. Wallahi har yau in na tuna wannan maganar tawa sai raina ya ɓaci. Ta dafe lainon da hannun hagu, ta tura da ƙarfinta duka, wuƙar ta zame ta shige mata tsakanin babban yatsa da manuni. Ba ta ma yi ihu ba, ƙanin ne ya yar da wayar ya kwarma salati. Kafin in lalubo fitila jini ya ɓata lainon da tabarmar da gefen zanin da ke jikinta. Na ɗaure hannun da ɗankwalina, Abbansu ya ɗauke mu a mashin zuwa kemis ɗin bakin titi, ƙarfe goma saura. Aka wanke, aka ɗaure, aka yi mata allurar tetanus. Mai kemis ya ce Allah ya taƙaita, da ta ƙara nitsewa kaɗan sai an yi ɗinki. Duk hanyar dawowa kukan da take yi ba na ciwon ba ne, na makin da za ta rasa ne.

Da safe na tura wa mai kayan hoton hannun da na lainon. Amsar da na samu ita ce, "Ayya Hajiya, sannu, amma ba ma karɓar kaya in an buɗe." Wa ya ce ku karɓa? Tambayata ita ce me ya sa kuka sayar da wuƙa mai kaifi haka, kuna tallata ta da hoton yara 'yan makaranta, babu ko guntuwar takarda a kwalin da ke cewa ga yadda ake riƙewa? Na sake rubutawa, aka karanta aka yi shiru. Da a ranar na rubuta sharhin nan, tauraro ɗaya ma da ƙyar zan ba su.

Ni na raka ta makaranta don in ba da haƙuri. Malamin ya karɓi lainon ya ɗan lanƙwasa kusurwarsa, sai ga tsaga ta fito. Ya shinshina, ya ce tsoho ne, ya daɗe a ajiye. Wai man da ke cikinsa ba ya daina bushewa, kullum ƙara tauri yake, sabo kuwa yana da laushi da ƙanshin mai, farce ma yana shigarsa. Ga sanyin hunturu ya ƙara masa. Ya ce mu ɗora masa ƙyalle mu bi shi da dutsen guga mai ɗumi, ko mu shanya shi a rana na ɗan lokaci kafin a fara. Sannan ya juya kan 'yata ya ce, "Ke kuma ban gaya muku hannu ba ya zama gaban wuƙa ba?" Ta sunkuyar da kai. Ashe ya gaya musu. Ya nuna mini wani ɗan katako mai tokari sama da ƙasa da ake maƙalawa a bakin tebur, shi ke tare lainon, hannu biyu kuma suna bayan wuƙa. Kafintan layinmu ya haɗa mana irinsa da guntayen katako, ko kuɗi bai karɓa ba. To a nan dole in rage wa mai kayan laifi, wani kason namu ne, nawa ma musamman, ni da na ce a dage.

Ya ƙara mata mako guda. Da hannun ya yi sauƙi muka gwada gugar a kan laino na biyu, kuma gaskiya na sha mamaki. Abin da ya gagare ta rannan sai ga shi yana fita sili-sili yana nannaɗewa kamar ana feraye kabewa. Wuƙaƙen ba su da laifi ko kaɗan, har babban mai U ɗin da ake kwashe fili da shi yana ci sosai. Ta matsa tawada a kan gilashin tsohon firam, ta yi ta murza rola har ta fara wata 'yar ƙara tsi-tsi, ta shafa a kan lainon, ta kifa takarda, ta bi bayanta da gindin cokali. Da ta ɗago takardar daga kusurwa a hankali, dagin ya fito baƙi wuluk, layukansa fari tas, har da 'yan sawun wuƙa a gefe da suka ƙara masa kyau. Ni kaina sai da na ce a ba ni in buga ɗaya. Sunan garin da ta sassaƙa a ƙasa ne kawai ya fito a juye, sai da madubi ake karanta shi, ta manta abin kamar hatimi yake. Malam ya yi dariya ya bar mata. Shi ya ba su labarin Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, kuma ya yi suna da aikin laino. Tun daga ranar ta ƙi barin mu sha iska da sunansa.

Amma fa tawadar nan ta sake tayar mini da haushi. Da muka matsa, iska ce ta fara fitowa, rabin bututun fanko ne. Ta ruwa ce, wankewa ba wuya, sai dai a wannan bushewar iskar kafin ta buga na biyu ta soma ƙamewa a kan gilashi, sai mun yayyafa ɗigon ruwa. An ce su kawo bugu 10, a na 7 ta ƙare, sauran ukun da ta wata ƙawarta aka cika. Shi ma mariƙin, zoben da ke damƙe bakin wuƙar kwancewa yake, kowane ɗan lokaci sai an tsaya an murɗa. Mariƙin malaminsu na kamfanin Speedball ne, ya ce ya shekara da shekaru yana aiki da shi, na riƙa na ji bambanci. Kuma in na tuna lainon farko, wanda suka san ya tsufa suka cusa a kwali suka turo wa yarinya, sai in ji duk sassaucin da na yi musu ya gudu.

Wuƙaƙen da rolar muna nan da su, za ta ci gaba da amfani da su zango mai zuwa. Laino da tawada kuwa na ba malam kuɗi ya haɗo mana da nasa in zai yi oda. Tabon yana nan a hannunta, ɗan fari mai siffar V.