Mujallun Transformers a Amurka: yadda ake saye, da abin da masoya ke faɗa a kai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yawancinmu a gida ta fim muka san Transformers, motocin nan da jiragen da ke rikiɗewa su koma mutum-mutumi masu hannu da ƙafa. A nan Amurka suna da wata kasuwa daban, ta mujallun labari cikin zane da ke fitowa wata-wata. Da yawa daga masu binta magidanta ne, waɗanda suka taso da kayan wasan da kamfanin Hasbro ya fito da su a 1984. Kuma wanda bai san yadda ake sayar da mujallar ba, ba zai gane hayaniyar masoyanta ba, don a kantin ake yanke hukunci.

Ranar Laraba sabon kaya ke sauka, a kantunan da ba su da wata sana'a sai wannan. Fitowa ɗaya ba ta da kauri, shafi 32 ne galibi har da talla, an ɗinke tsakiyarta da 'yan wayoyi biyu. Kuɗinta dala 3.99, wasu 4.99, kuma a yawancin jihohi sai ka je wurin biya za a ɗora haraji a kai. Ba a tayi. Wanda ya saba da "nawa za ka bari" sai ya haƙura da ita a bakin ƙofa, sai fa a akwatunan tsofaffin fitowa, inda ake samun na dala ɗaya.

Babban bambancinsu da mu shi ne mai kanti ba ya mayar da kwantai. Abin da ya yi oda ya zama nasa, ko ya sayar ko ya yi asara, kuma ana rufe karɓar oda kamar mako 3 kafin ranar fitowa. Shi ya sa kowane kanti ke da rajistar abokan ciniki: ka ba da sunanka, ka faɗi mujallun da kake bi, duk wata a cire naka a ajiye. Yawanci ba a biyan ko sisi don wannan, wasu ma har ragi suke yi. Amma in ka bar kayanka suka taru wata biyu ko uku ba ka ɗauka ba, za a soke sunanka, kuma da gaskiyarsu, don kuɗinsu ne ke kwance. Da adadin odar nan kamfani ke sanin ko mujalla za ta ci gaba. Mutum ya yi ta yabo a intanet har ya gaji, in bai sa suna a kanti ba, ba a ƙirga shi ba.

Tarihin mujallar kansa ya nuna haka. Kamfanin Marvel ya fara ta a 1984 da niyyar fitowa 4 kacal, ciniki ya ja ta har 80, sannan da ciniki ya ja baya aka rufe a 1991. Masoya ba su manta ba. Bayan shekara 20 suka tara sa hannu suna neman a ƙarasa labarin, kamfanin IDW da ke riƙe da lasisi a lokacin ya amsa, aka dawo da marubucinta na ƙarshe, Simon Furman ɗan Ingila, ya ɗora daga fitowa ta 81 zuwa ta 100 tsakanin 2012 da 2014. A tsakani akwai kamfanin Dreamwave na Kanada da ya fara a 2002 da ciniki mai ƙarfi, ya durƙushe a farkon 2005, ya bar labarai a rataye ba ƙarshe. Har yau in aka ambaci sunansa tsofaffin masoya sai ka ga ransu ya ɓaci.

Muhawarar da ta fi zafi a zamanin IDW ita ce ta Megatron. Shi ne uban mugaye, wanda ya jagoranci yaƙin shekaru miliyoyi, sai ga shi a 2014 ya tuba ya koma ɓangaren abokan gabansa, har marubuci James Roberts ya sa shi cikin shugabannin wani jirginsu na sararin samaniya. Masoya suka rabu biyu. Wasu suka ce wannan ne rubutu mafi zurfi da aka taɓa yi wa mutum-mutumin, wasu suka ce wanda ya zubar da jini haka ba a ba shi kujera, hukunci ake yi masa. A ganina ɓangare na biyu suna da hujja mai nauyi, sai dai labarin bai wanke shi ba, ya bar shi yana ɗauke da laifinsa har ƙarshe. Lasisin IDW ya ƙare a ƙarshen 2022, bayan shekara 17.

Wanda ake yayi yanzu na kamfanin Skybound ne. A watan Yunin 2023 suka fitar da wata sabuwar mujalla mai suna Void Rivals ba tare da sun tallata cewa tana da alaƙa da Transformers ba, sai masu karatu suka ci karo da Jetfire, ɗaya daga cikin Transformers ɗin, a shafukan ƙarshe. Aka wawashe ta, sai da aka sake bugu. A watan Oktoba ainihin mujallar ta fito, Daniel Warren Johnson ne ya rubuta kuma ya zana. A fitowar farko Starscream, ɗaya daga cikin mugayen, ya harbe Bumblebee, ɗan rawayan nan da yara suka fi so, ya kuma matse wani mutum a tafin hannunsa har lahira. Wasu suka ce an wuce gona da iri. Amma a fitowa ta 2 akwai wurin da Optimus Prime, shugaban ɓangaren na kirki, ya taka barewa bisa kuskure a daji, ya durƙusa ya ɗauke ta a hannu yana jimami, ya gane yadda halittun duniyar nan ba su da ƙwari. Wannan shafin ya sauko da mutane da yawa. Zanen Johnson yana da kaushi, layukansa kamar a guje aka ja su, faɗansa irin na 'yan kokawa ne, ɗauka da kayarwa, kuma masu son a zana kowane ƙarfe daidai da na kayan wasa sun yi ƙorafi. Da Jorge Corona ya karɓi zane daga fitowa ta 7 aka sake wani sabon surutun. Duk da haka a 2024 mujallar ta ci lambar Eisner, wadda ita ce babba a wannan sana'a. Iyaye dai su lura, wannan ba na 'yan firamare ba ne.

Akwai wata dabarar ciniki da ba mu da irinta, ita ce ta bango. Labari ɗaya ne a ciki, amma a yi masa bango kala-kala. Wasu bangunan sai kanti ya yi odar kwafi 25, ko 50, ko 100 kafin a ba shi guda ɗaya, shi kuma ya tsawwala masa kuɗi don ya rage asarar sauran. Masu tarawa kan aika irin wannan ga kamfanin CGC a jihar Florida, a duba shi, a ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, a rufe a cikin roba mai tauri. Maki 9.8 ake nema. 'Yar lanƙwasa ɗaya a gefen ɗinki ta isa ta sauko da shi, kuɗin ya faɗi. Kuma da zarar an rufe, ba a karantawa. Mai son labari ba ruwansa da wannan.

A gida mun san littafin hikaya na Kano mai kashi na 1, na 2, na 3, da shagon haya inda littafi ɗaya zai zaga unguwa har bangonsa ya fita. Nan ba a haya, laburaren gari ne ya tsaya a wurin. Katin kyauta ne ga mazaunin gari, ana aron kundin da ya haɗa fitowa da dama a kai gida, kuma laburare da yawa suna ba da damar karantawa a waya ta manhajar Hoopla. Sannan Asabar ta farko a watan Mayu kantuna na raba wasu mujallu kyauta.

Ga mai son a aiko masa gida, shawarata kada ya nemi fitowar wata-wata. Ya nemi kundi, wanda ake haɗa fitowa 6 a ciki bayan 'yan watanni. Shida ɗai-ɗai sun kai dala 24, kundin kuwa kusan dala 17 ne, ba talla, bangonsa ya fi ƙwari, kuma da gam aka haɗa shi, babu wayar da za ta yi tsatsa. Ta gidan waya kuɗin aike kan fi kuɗin littafin, gara a ba matafiyi ya sa a jakarsa ta kilo 23, a tsakiyar tufafi, a kwance, don gefuna ne ke fara murƙushewa. A kuma faɗi sunan kamfani da lambar kundi, domin na Marvel da na IDW da na Skybound labarai ne mabambanta, ba ci gaban juna ba. Nan ne masu saƙo suka fi yin kuskure.

In kuwa ɗai-ɗai ɗin suka zo hannunka, a nan kowace ana sa ta a leda da farin kwali a bayanta, ana sayar da su ɗari-ɗari, a jera su a tsaye cikin akwatin kwali. A gida sai an ƙara da wasu matakan. Laimar damina tana sa wayoyin tsakiya tsatsa, tsatsar ta ci takarda har shafin tsakiya ya zare. Rana tana kashe launin bango, ja ne ke fara kodewa. Ɗakin kwano mai zafi yana sa takarda ta yi rawaya ta bushe. Kada a liƙe bakin ledar da salatif mai ƙarfi, yakan kama bango wajen cirewa ya ɗaye fenti. A ɗora akwatin a saman kantar ajiya, nesa da bango da ƙasa saboda gara, a riƙa buɗewa ana dubawa ko sau ɗaya a wata daga Yuni zuwa Satumba.