Ranar hutun keke: garin furotin ko abincin tukunya?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni ko garin furotin za ka sha ranar hutun keke ko abincin gida za ka ci. Tukunya na zaɓa maka. Gwangwanin garin furotin ka bar shi a kanti.

Ranar da ba ka hau keke ba, ko ka ɗan zaga a hankali ƙasa da awa ɗaya, ita ce ranar da tsoka ke gyara wahalar jiya. Shi ya sa ba a rage furotin, wato sinadarin gina jiki: gram 1.2 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyinka, kamar kullum. Mai kilo 70 yana neman gram 84 zuwa 140 ke nan. Abinci mai sitaci ake saukarwa, zuwa gram 3 zuwa 5 a kowane kilo, maimakon 6 zuwa 10 na ranar doguwar tafiya. Ragewa na ce fa, ban ce a yanke ba. Sukarin da tsoka ke ajiyewa yana ɗaukar kusan awa 24 kafin ya sake cika, kuma in gobe akwai hawa mai tsauri, da abincin yau za ka taka feda.

Ni ranar hutuna ba na wasa da ƙwai. Uku da safe, gram 18 na furotin ke nan, ga kofin madara a kai. Da rana kifi da dankali da ganye mai yawa, da dare wake. Ina tashi daga kan abinci a ƙoshe, ba na yini ina leƙa firji, washegari kuma ƙafafuna sakayau tun daga takun farko.

Garin furotin kuwa, to, yana aiki. Ludayi ɗaya yakan ba da gram 20 zuwa 25, matafiyin da ba shi da wurin girki zai ji daɗinsa. Nawa dai yana nan bisa kabad har ya dunƙule, don bai taɓa kashe min yunwa ba.

In ka dage sai ka saya, ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Akwai masu cika gwangwanin sanannen kamfani da gari mai arha, akwai masu sauya ranar lalacewa. Wani ma da haramtaccen sinadarin ƙara kuzari a ciki, kuma a dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ɗan wasan da aka samu da shi a jiki shi ke ɗaukar laifin, ko bai sani ba. Ka duba murfin ko an taɓa buɗe shi, ka nemi tambarin gwaji irin na Informed Sport.

Su jel (sukari mai kauri da ake tsotsa a kan hanya) da lemon kuzari kuma ka ajiye su sai tafiyar da ta haura minti 90. A ɗan zagayen sassauta ƙafa ruwa ya ishe ka.