Tsibiran Karibiyan: inda saƙon imel ɗaya ya fi sanin manaja

Tun da hotunan tsibiran Karibiyan suka cika Instagram, tambayar da 'yan uwa na gida ke yawan turo mana, mu mazauna Amurka, ita ce wane tsibiri ango zai kai amaryarsa, kuma wane otal. Kafin a kai ga sunan tsibiri akwai abin da ke ba duk Bahaushen da ya je can mamaki, kuma a kansa zaɓin yake tafiya: a manyan otal-otal ɗinsu, abin da ka rubuta musu kafin ka zo shi za ka tarar.

Mako biyu ko uku kafin tafiya, ango ya aika imel mai layi biyar. Mu Musulmi ne, ba ma cin naman alade, ba ma shan giya ko cin abin da aka dafa da ita, a kwashe barasar da ke firjin ɗaki, a ba mu ɗakin da ba a hango barandarsa daga hanya. Ranar isowa ya buɗe firji, lemo da ruwa ne jere inda aka saba jera kwalabe. Da dare a wurin cin abinci ya faɗi lambar ɗaki, mai hidima ta duba allonta ta ce, "Ku ne ba kwa cin alade." Jim kaɗan babban kuku ya fito da farar hularsa, ya bi takardar abinci da biro a hannu: wannan shinkafa da wake da jelar alade aka dafa ta, ku bar ta, za a ɗora muku taku a wata tukunyar, wannan kek an jiƙa shi da giyar rake, kifinku a kasko daban za a gasa. Ango bai san kowa a otal ɗin ba. Bai ce shi ɗan wane ne ba, bai nemi ganin manaja ba, bai cusa wa kowa komai a hannu ba. Kuma washegari da ma'aikata suka yi canji, saƙon yana nan bai ɓace ba.

A nan ne zuciya ke komawa gida da takaici. Wa bai san yadda ake yi ba? Ka biya kuɗin ɗaki tun mako guda, ka iso da iyalinka cikin dare a ce an ba wani babban baƙo, wanda ya karɓi kuɗinka kuma ba ya nan. A kawo maka bokiti saboda famfo ba ruwa, a kashe janareta ƙarfe sha biyu, in ka yi magana a ce ka yi haƙuri. Abin ya fi ciwo saboda karamci namu ne tun asali. Baƙo ya sauka a gidan Bahaushe, maigida zai bar masa shimfiɗarsa, a yanka masa kazar da ake tattali. Amma da zarar saukar baƙi ta zama sana'a, sai mu riƙa yi kamar alfarma muke wa wanda ya biya. Aruba ba ta da kogi ko ɗaya, ruwan teku suke tacewa, amma kana iya tara kofi a famfon banɗaki ka sha. Mu muna da ruwan Wikki a Yankari, garai-garai da ɗuminsa rani da damina, abin da wasu tsibiran za su so a ce nasu ne. Allah bai rage mu da komai ba, riƙon alkawari ne ya yi mana wuya.

Sai dai wannan tsari kaifi biyu gare shi. Abin da ba a rubuta ba, ba za ka samu ba, kuma ba a ciniki. Otal kaɗan ne ke ajiye naman yankan Musulmi, don haka ka tambaya a rubuce, in babu ku tsaya kan kifi da jatan lande, waɗanda dama su ne suka fi daɗi a can. Farashin da otal-otal irin su Sandals ke nunawa na mutum ɗaya ne a dare ɗaya, sai ka ninka biyu. A Turks da Caicos ana ɗora harajin kashi 12 da kuɗin hidima kashi 10 a kan kuɗin ɗaki, saboda haka ɗakin dala 800 ya kusa dala dubu kafin ka ci ko loma. Sunan ɗaki ma karatu yake so. Wanda aka ce yana kallon teku, wataƙila sai ka leƙa ta gefen baranda za ka ga shuɗin ruwa tsakanin rufin gine-gine biyu. Wanda aka rubuta yana bakin teku shi ne babu komai tsakaninka da rairayi. Ka nemi taswirar otal da lambar ginin da za a sa ku. Buta kuwa babu ita a ko'ina, komai tsadar ɗaki, ku sa taku a jaka tare da sallaya.

Akwai tsarin biya sau ɗaya, wanda ya haɗa kwana da ci da sha da wasannin ruwa. Yana da kwanciyar hankali, kuma a Sandals ba a karɓar tukuici sai ga hadimin ɗaki na musamman da masu tausa. Amma babban kaso na kuɗin na giya ne, wanda ba ya sha yana biya wa masu sha ne. A Barbados da Aruba, inda gidajen abinci suke birjik a wajen otal, ɗaki da karin kumallo ya fi riba. A wurin da otal ke can cikin tsauni shi kaɗai, ka haɗa da abinci. Haka kuma in an rubuta otal na manya ne kawai, ma'anarsa ba a zuwa da yara, to amma wasu a Jamaika suna da ɓangaren gaɓa da ake zama tsirara. Ka duba wannan tun kafin ka biya, kada amarya ta gano da idonta. A Barbados doka ta hana hakan.

Sai lokaci. Damina ta guguwa tana farawa 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, kuma ba wasa ba ce. Guguwar Irma ta share tsibirin Barbuda a 2017, Beryl ta rusa tsibirin Carriacou a Yulin 2024, Melissa ta daki yammacin Jamaika a Oktoban 2025. Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Afrilu sararin sama garau, farashi kuma a sama. Ƙarshen Afrilu da watan Mayu su ne daidai ga mai lissafi. In biki ya faɗo cikin watannin guguwa, Aruba ko Curaçao za a nufa, don suna kudu kusa da Benezuwela, guguwa ba ta cika bi ta kansu ba, kuma duk da haka a sayi inshorar tafiya. Wata matsalar da hoto ba ya nunawa ita ce ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ta addabi yankin tun 2011. Iska ke koro ta gaɓar gabas, ta taru ta ruɓe tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Punta Cana da ke Jamhuriyar Dominikan na fama da ita a bazara. Otal ɗin da ke gaɓar yamma ya fi tsira, ruwansa ma ya fi kwanciya ga wanda bai iya iyo ba.

Ga mai fasfon Najeriya, biza ce ke zaɓar tsibiri kafin zuciya ta zaɓa. Barbados ba ta neman biza, Jamaika tana nema, mai fasfon Gana kuwa yana shiga duka biyun. Matsalar tana kan hanya. Amurka ba ta barin mai fasfon Najeriya ko Gana ya canza jirgi a filinta ba tare da bizarta ba. Ta Landan ma akwai bizar wucewa, kuma in za ka sauka a Heathrow ka tashi daga Gatwick, wata iri ce daban da ta wanda ba zai fita daga fili ba. Mutane sun yi asarar kuɗin otal a kan wannan tun daga kantar jirgi a Legas ko Abuja. Mai katin zama a Amurka shi ya huta, Aruba na karɓarsa ba biza, ya cike katin shiga ta intanet ya biya dala 20.

Sant Lusiya ta fi kowanne kyau a ido, da tsaunukan Piton guda biyu da suka miƙe daga cikin teku kusa da Soufrière. A can ake samun abin da ma'aurata masu son sutura suka fi buƙata, wato ɗaki mai wurin ninƙaya nasa, inda amarya za ta shiga ruwa ba idon kowa. A otal ɗin Jade Mountain ɗakunan bango uku gare su, na huɗun a buɗe yake yana kallon tsauni, ba talabijin, yawanci fanka ce da gidan sauro, kuma dare ɗaya ya haura dala dubu. Wanda ba ya barci sai da na'urar sanyi ya nemi wani wurin. Filin jirgin Hewanorra yana can kudu, zuwa otal-otal na arewa awa ɗaya da rabi ce ta hanya mai kwana-kwana da ke sa jiri.

Ga tafiyar farko daga gida, ni Barbados nake ba da shawara, gaɓar yamma. Turanci ake yi, dalarsu biyu dalar Amurka ɗaya, akwai masallatai a Bridgetown babban birnin ƙasar da shagunan Musulmi, kowace gaɓa kuma ta kowa ce, har wadda ke gaban babban otal ɗin Sandy Lane. A bar duk wata tufa mai zanen kakin soja a gida, haramun ce ga farar hula a can. Ranar Juma'a da dare a je garin masunta na Oistins a ci gasasshen kifi a kan benci cikin mutanen gari. In an kawo abincinsu na ƙasa, cou-cou, ka duba da kyau: garin masara ne aka tuƙa da kuɓewa, tuwo ne sak, sai dai da kifi a gefe. Jan abin shan da suke yi lokacin Kirsimeti kuma zoɓo ne da citta da kanumfari, kurɓa ɗaya sai ka ji kamar kana bakin kasuwar Rimi da azahar. Ka dai tambaya kafin ka kai baki, domin sau da yawa suna zuba masa giyar rake.