Inshorar lafiya ga mai ƙaramin ƙarfi a Damagaram: abin dubawa kafin a zaɓa

Magidanci a Zinder wanda samunsa bai wuce cefanen yini ba yakan tambaya ko akwai kati guda na gwamnati da zai ɗauke masa kuɗin likita baki ɗaya. Abin da ke akwai hanyoyi ne mabambanta, kowace da iyakarta, kuma ya kamata a fara da wadda ba ta cin ko dala.

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta mai da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta a asibitocinta, haka kuma tiyatar haihuwa da tsarin iyali. Ba a zuba kuɗin shiga: asibiti ne ke yin aikin, ya rubuta abin da ya kashe, gwamnati ta biya shi daga baya, kuma an kafa hukumar tallafin jinya ta ƙasa, wato INAM, domin ta kula da wannan biyan. Raunin tsarin yana nan ne, domin idan biyan ya yi jinkiri magani yakan yanke a ma'ajiya, sai a miƙa wa uwa takarda ta je ta saya a farmasi, galibi a tsakiyar damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Duk da haka haƙƙi ne, kuma bai dace iyaye su ji nauyin neman sa ba.

Ga manya, daga 1 ga Satumban 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita, da kwanciya, da gwajin jini, da hoto, da tiyata a asibitocin gwamnati, aka kuma mai da haihuwa kyauta. Saboda haka duk lissafin da za a yi, da sabon farashi za a yi shi.

Hanya ta biyu ita ce mutuwel, wato asusun taimakon juna da mambobi ke zuba wa kuɗi tun suna da lafiya, domin a biya wa wanda ya kwanta wani kaso na jinyarsa. A ganina ita ce ta fi dacewa da gidan da manya da yara 'yan makaranta suka fi yawa, tun da kyautar gwamnati ba ta haɗa da su ba. Amma kada a miƙa kuɗi sai an ji amsa a sarari: zubin na kowane kai ne ko na gida duka, wata nawa ake jira kafin a fara amfana, kashi nawa mara lafiya zai cika daga aljihunsa, kuma ko manomi zai iya biyan na shekara a lokacin kaka. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta turawa gaba. Asusun da ya tsaya a ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa ko ta ƙauye ba zai tsinana komai ba ranar da aka turo mara lafiya daga Mirriya ko Magariya zuwa Babban Asibitin Zinder, inda kuɗin ya fi yawa.

Inshorar kamfanoni ta fi ƙarfin mai ƙaramin samu. Adashe kuma yana da amfaninsa, sai dai ɗauka tana bin layi, ciwo kuwa ba ya jiran layin. Wanda ba shi da halin zubi ko kaɗan ya nemi takardar shaidar rashin hali daga ma'aikatar magajin gari tun yana da lafiya, ya kuma gabatar da ita ga sashen jin ƙai na asibiti kafin a fara rubuta masa kuɗi.