Ajin C++ na Asabar a Samaru: malamin ya iya, kwamfutocin ne sai a hankali

Masu tambayata kan ajin C++ ɗin nan da ake yi ranar Asabar a wata cibiyar kwamfuta a Samaru, can wajen babban get ɗin ABU, to ga abin da na gani. Wallahi malamin ya san kan abin, musamman darasin yadda ake miƙa wa fankishin (guntun kod mai yin wani aiki) wani fankishin ɗin a cikin tamfilet (wato kod ɗaya da ke aiki da nau'i daban-daban).

Bai tsaya ba mu hadda ba. Fankishin ɗaya ya rubuta da template<class F> mai tace makin ɗalibai, sai ya ba shi fointar fankishin (adireshinsa a memori), ya ba shi struct mai operator() (abin da ake kira kamar fankishin), ya ba shi lamda (ɗan fankishin mara suna da ake rubutawa nan take), duk suka tafi lafiya lau ko layi ɗaya bai canza ba. Daga nan ya maida shi std::function (akwatin da ke riƙe duk abin da za a iya kira kamar fankishin) ya nuna mana abin da ake biya: yana ɓoye ainihin nau'in abin da ka ba shi, wani sa'in sai ya kama wuri a memori, kuma kwamfaila (manhajar da ke fassara kod zuwa yaren kwamfuta) ba ta cika iya narkar da kiran a wurin ba, wato ta zuba kod ɗin fankishin kai tsaye inda aka kira shi, yadda take wa tamfilet. Ya ce in kira kawai za ka yi ka wuce to tamfilet, in kuma ajiyewa za ka yi sai anjima, irin maɓallin da ke jiran a danna, nan ne std::function ke da rana.

Amma fa std::bind (mai ɗaura wa fankishin wasu abubuwan da zai karɓa tun kafin a kira shi) malam ya ja shi da yawa, _1 da _2 (alamomin gurbin da za a cike daga baya) har kanmu ya ɗau zafi, alhali tare suka shigo da lamda a C++11 kuma tun C++14 lamda na karɓar auto, ta fi daɗin karantawa nesa ba kusa ba. Sai dai tarkon da ya nuna mana ya yi amfani sosai, bind kwafin abin da ka ba shi yake ɗauka, in ba ka sa std::ref (mai sa shi aiki da ainihin abin ba kwafi ba) ba, za ka ga lambarka ta asali tana nan sifili kana ta tsine wa kwamfuta ba laifinta.

Kwamfutocinsu kuwa tsohuwar kwamfaila ce a kai, std::bind_front na C++20 fur ta ƙi shi, ga shi in an ɗauke wuta sai an jima ana fama da janareta. Ku taho da laftof ɗinku da sabuwar kwamfailar GCC, kuma wanda ko tamfilet mai sauƙi bai taɓa rubutawa ba gara ya fara da ajin 'yan koyo tukuna, don malam ba ya komawa baya.